GAWAR BAƘO DA HAƘƘINTA A KAN MUTANEN GARI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya karrama ɗan Adam yana da rai, bai kuma janye karramawar ba bayan ran ya fita. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, duk wanda ya daɗe yana raka gawa a garin Diffa ya san maƙabartunmu sun canja. A da, idan aka ce wane ya rasu, liman ya san ubansa, masu ginar kabari maƙwabtansa ne, wadda za ta yi wa mace wanka ita ce ta karɓi haihuwarta ko ta ƴaƴanta. Tun daga shekarar 2013, da ƴan uwanmu na Barno suka fara ƙetaro Komadugu suna gudun fitina, al'amarin ya zama wani iri. A ƙarshen 2014 mutanen Malam Fatori da na Damasak suka kwararo, a watan Janairu na 2015 na Baga suka biyo. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 wutar ta iso Boso da Diffa kanta. A watan Mayu na wannan shekara aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi, suka doshi Gigimi a ƙasa cikin tsananin zafi, wasu ba su kai ba. Ranar 3 ga Yuni 2016 aka sāke afka wa Boso, mutane wajen 50,000 suka watse, da yawansu suka kafa bukkoki a gefen kwalta. A shekarun nan adadin waɗanda suka bar gidajensu a wannan jiha ya haura 200,000. Mutanen nan ba su bar ajalinsu a garuruwansu ba, da shi suka zo. Tsoho yana rasuwa a Sayam alhali kabarin matarsa yana Damasak. Jinjiri yana rasuwa a bukkar da ba ta da maƙwabcin da ya san sunan ubansa.

To, gawar wannan baƙo a wuyan wa take?

Malamanmu na mazhabar Imamu Malik, tun daga Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani har Mukhtasar na Shaihu Halil, waɗanda ake karantawa a zaurukan wannan kwari tun zamanin Birnin Gazargamu, sun tsai da cewa mamaci Musulmi yana da haƙƙin a yi masa wanka, a sa masa likkafani, a sallace shi, a rufe shi. Wannan aiki farilla ce ta kifaya, ma'ana idan wasu suka yi ta sauka daga kan saura, idan kuwa kowa ya noƙe, duk wanda ya sani kuma yake da iko ya ɗauki zunubi. Ku lura da kyau: shari'a ba ta rataya farillar a wuyan ƙabilar mamaci ba, ba ta ce Kanuri su rufe nasu, Fulani su rufe nasu, Buduma su ji da nasu ba. Ta rataya ta a wuyan Musulmin da mutuwar ta faru a gabansu. Idan baƙo ya cika a unguwarku, kuka ji, kuka ce a jira danginsa, alhali kun san danginsa sun watse, wani yana Maiduguri, wani yana Damagaram, wani ba a san inda yake ba, to, ku ne dangin nasa a wurin Allah, kuma ku za a tambaya.

Rufe gawa shi ne darasi na farko da ɗan Adam ya koya game da mutuwa. Suratul Ma'ida, aya ta 31, ta ba mu labarin yadda Allah ya aiko hankaka yana tonon ƙasa domin ya nuna wa wanda ya kashe ɗan uwansa yadda zai suturta shi. Daga nan al'ummai suka rarrabu, kowace ta kama hanyarta. Mabiya addinin Hindu a Indiya ƙona gawa suke yi, suna kuma burin a yi haka a birnin Banaras a zuba tokar cikin kogin Ganga. Majusawan da suka rage a birnin Mumbai sun gāji ɗora gawa a kan hasumiya domin ungulaye su cinye, saboda a ganinsu bai kamata gawa ta ƙazantar da ƙasa ko wuta ba. A kudancin Gana akan ajiye mamaci cikin sanyi makonni, wani lokaci watanni, har dangi su taru a tara kuɗin buki, kuma a wajen Ankara akwai masassaƙan da ke yin akwatin gawa da siffar kifi ko mota, gwargwadon sana'ar mamacin. Yahudawa suna gaggauta binnewa kamar mu, sa'an nan iyalan su zauna makoki kwana bakwai. Ban kawo wannan don a yi dariya ba. Kowace al'umma a cikinsu, da abin da ta fahimta, ƙoƙari take kada ta wulaƙanta mamacinta. Abin da ya bambanta namu shi ne sauƙi da daidaitawa. Sarki Fahad na Saudiyya a 2005, da Sarki Abdullahi a 2015, an rufe su a maƙabartar Al'ud da ke Riyad cikin kabarin da ba gini a kansa, ba rubutu. Jana'izar da Musulunci ya shar'anta ba ta fi ƙarfin talaka ba, kuma ba ta yi wa sarki kaɗan ba. Saboda haka babu unguwar da za ta ce talauci ya hana ta suturta baƙo.

Amma mu duba inda ƙarfinmu yake tafiya. A nan kwarin Komadugu, Mangawa da Mobar, da Hausawa, da Fulanin gari, da Larabawa, kowa yana da yadda ya gāji yin makoki, sai dai kusan duka mun haɗu a kan zaman kwana uku, da sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in. A da abin bai wuce gumba da waina da ɗan goro ba, malamai su taru da hantsi a yi addu'a a watse. Yanzu kuwa sai an kafa rumfa ta tare hanya, an yi hayar kujeru, an sauke buhunan shinkafa, an kā da sa ko raguna, mata sun kwana a bakin murhu, masu gaisuwa suna zaune ana hirar farashin tattasai da siyasa. Na sha ganin gidan da aka ci bashi domin arba'in, tun ba a biya bashin da mamacin ya bari ba. A wannan mako ɗin kuma, a bayan wannan unguwa ɗin, ana yawo da ƙoƙo ana neman kuɗin alawayyon da za a naɗe wata tsohuwa ƴar gudun hijira. Kowa ya lissafa da kansa likkafani nawa ke cikin kuɗin sa guda.

Sunna ta zo da akasin abin da muke yi. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (R.A.) ya iso Madina daga Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci mutanen gidansa su dafa wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Wato tukunya daga maƙwabta take shiga gidan mutuwa. Mu kuwa mun juya akalar, gidan mutuwa ne ke ciyar da gari. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne idan daga dukiyar mamacin aka ɗiba alhali ya bar marayu. Tsarin shari'a a bayyane yake: a fara fitar da kuɗin suturarsa gwargwadon bukata, sa'an nan a biya bashi, sa'an nan a zartar da wasiyya cikin sulusi, abin da ya rage na magada ne. Babu gurbin shinkafar arba'in a cikin wannan jeri. Wanda ya ci daga rabon maraya, ko da da sunan sadaka aka ba shi, ya koma ya karanta aya ta 10 a Suratun Nisa'i ya ga abin da yake zubawa a cikinsa.

A nan dole in ja hankalin matasanmu masu zafin kai. Gyara daban, kafirtawa daban, kuma mutanen wannan jiha sun ɗanɗani abin da kafirta Musulmi yake haifarwa fiye da yadda wani zai ba su labari. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi magana a kan bidi'o'in jana'iza a cikin Ihya'us Sunna, kafin shi ma Ibnul Hajji ya yi a cikin Madkhal. Amma a wasiƙun da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno ya yi musaya da Muhammadu Bello, waɗanda Bello ya kawo a cikin Infaƙul Maisur, Alkanemi ya tsaya a kan cewa saɓo da miyagun al'adu ba sa fitar da mutum daga Musulunci, kuma ana samun irinsu har a manyan biranen Musulmi na gabas. Addu'a ga mamaci da yi masa sadaka suna isa gare shi, babu malamin Sunna da ya musa wannan. Abin da ake magana a kansa shi ne ƙayyade rana a mai da ita tamkar farilla, da ɗora wa mai takaba nauyi, da taɓa haƙƙin maraya. Dattijon da ya tara mutane ranar bakwai don ƙaunar ɗan uwansa, ka zauna kusa da shi ka nuna masa inda sadakar za ta fi amfani. Kada ka tsaya a ƙofar gidansa kana ɗaga murya. Kuma wallahi ƙin sallatar gawar Musulmi saboda limamin ɗan ɗarika ne ko ɗan Izala ne ya fi sadakar arba'in muni nesa ba kusa ba.

Yanzu ga abin da ya kamata kowane mai unguwa da kowane bulama da kowane ladan ya sani, domin mutuwar baƙo takan zo a yanayin da ba a saba ba, kuma jahiltar hukunci yakan sa mutane su ja da baya.

Wankan gawa ba sirri ba ne da ya keɓanta ga wani gida. A rufe al'aura, a matsa cikin a hankali, a wanke ƙazanta da hannu naɗe da ƙyalle, a yi masa alwala, a wanke jikin wutiri, sau uku ko biyar, da ruwan ganyen magarya, a sa kafur a na ƙarshe. Magarya kuwa ba ta yi mana wuya a wannan ƙasa ba. Miji yana wanke matarsa, mata tana wanke mijinta. Idan mace ta rasu a kan hanya babu mata kuma babu muharrami, namiji ya yi mata taimama a fuska da tafukan hannu. Idan namiji ne ya rasu tsakanin matan da ba muharramansa ba, su yi masa taimama a fuska da hannuwa zuwa gwiwar hannu. Haka kuma idan ruwa ya yi ƙaranci, ko jikin ya ƙone, ko ya daɗe a cikin kogi har ana tsoron ya saɓule, sai a kwarara ruwa ba tare da cuɗawa ba, in hakan ma ba zai yiwu ba a yi taimama. Mutanen Tumur sun fuskanci irin wannan bayan harin daren 12 ga Disamba 2020, da aka ƙone gidaje da kasuwa, wasu suka mutu cikin wuta, wasu cikin ruwa. Allah ya karɓi shahadarsu. Sai dai a sani, shahidin da ba a yi wa wanka ba a kuma sallatarsa shi ne wanda ya faɗi a fagen daga. Wanda aka kashe bisa zalunci a wani hali daban, ko ruwa ya ci, ko gini ya faɗa wa, ko mace ta rasu wajen haihuwa, suna da ladan shahada, amma ana yi musu wanka da salla. Sayyadina Umar (R.A.) soke shi aka yi yana limanci, kuma an yi masa wanka, an sa masa likkafani, an sallace shi.

Akwai kuma cutar da ke bin mai wanka har gida. A annobar Ebola ta 2014 a Gini da Saliyo da Laberiya, taɓa gawa wajen wanka da bankwana yana cikin manyan hanyoyin da cutar ta bi ta yaɗu, har sai da likitoci da malaman addini suka zauna suka daidaita yadda za a rufe mamaci cikin mutunci ba tare da an halaka masu rai ba. Mu a nan mun san amai da gudawa, mun kuma ga ciwon hanta da ya ɗauke mata masu ciki a sansanonin wannan jiha a 2017. Idan ma'aikatan lafiya suka ce a sa safar hannu, a zuba magani a ruwan wanka, a haƙa rami a zubar da shi nesa da rijiya, ko su ce wannan gawa kada a buɗe ta, bin maganarsu ba raunin imani ba ne. Shari'ar da ta sauƙaƙa wa mai rai ya yi taimama saboda tsoron cuta ba za ta tilasta masa ya kashe kansa wajen wanke wanda ya riga ya tafi ba.

Likkafani, abin so a yi shi fari kuma wutiri, Manzon Allah (S.A.W.) ma cikin fararen tufafi uku aka naɗe shi. Amma wajibi shi ne abin da zai rufe jiki, ko da zane ɗaya ne, ko da tsoho ne wankakke. Mus'abu ɗan Umair (R.A.), wanda ya tashi cikin gata a Makka babu saurayin da ya kai shi ado, ya faɗi a Uhudu a shekara ta 3, ba a samu abin naɗe shi ba sai wani mayafi da in an rufe kai ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito. Annabi (S.A.W.) ya ce a rufe kan, a sa ciyawar izkhir a kan ƙafafun. A ranar nan kuma aka rufe mutum biyu, mutum uku, a kabari ɗaya saboda yawan gawa da gajiyar masu tono, ana gabatar da wanda ya fi haddar Alƙur'ani wajen alƙibla. Don haka waɗanda lalura ta sa suka haɗa mamata a rami guda a shekarun nan kada zuciyarsu ta dame su, suna da magabata.

Salla kabbara huɗu ce a tsaye, babu ruku'u babu sujada, ana yi wa mamacin addu'a bayan kowace kabbara, a yi sallama ɗaya. Liman yana tsayawa daidai tsakiyar namiji, daidai kafaɗun mace. Ba sharaɗi ba ne ka san sunansa. Ka yi niyyar sallatar wannan gawa da ke gabanka, ya wadatar. Ladan da aka yi alkawari, ƙiraɗi ɗaya ga wanda ya yi salla, biyu ga wanda ya tsaya har aka rufe, kowane ƙiraɗi kamar dutsen Uhudu, ba a ce ya fi yawa a jana'izar attajiri ba. Amma ku dubi sahunmu. Ranar da babban ɗan kasuwa ya rasu motoci har sun toshe hanya, ranar da aka kawo gawa daga bukkokin bayan gari sai ladan ya yi ta roƙon mutane su dakata bayan azahar, ana zare jiki ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar a sami masu kama makara. A Madina akwai wata baƙar mace mai sharar masallaci. Ta rasu aka rufe ta ba a sanar da Annabi (S.A.W.) ba, kamar an ƙanƙanta al'amarinta. Da ya rasa ganinta ya tambaya, ya nuna rashin jin daɗinsa, ya ce a kai shi kabarinta, ya je ya yi mata salla a can.

Game da kabari, lahadu ya fi falala inda ƙasa ke da ƙarfi. Ƙasarmu kuwa yawancinta rairayi ce mai zubewa, don haka tsaga ƙaramin rami a tsakiyar babban, a jera itace a kai, a toshe da ganye da laka, shi ne daidai a gare mu. A zurfafa yadda wari ba zai fito ba, kare da dila ba za su tona ba. Wannan ya fi shafar waɗanda ke rufe mamatansu a gefen sansani, inda ba katanga ba shinge. A kuma nisanci gaɓar kogi. Mun ga yadda Komadugu ya yi ambaliya a 2019 da 2022 ya ci gidaje da gonaki. Idan ruwa ya doshi kabari, malamai sun halatta a tono a mai da mamacin wuri mai tudu cikin girmamawa. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa yadda ambaliya ta buɗe kabarin Amru ɗan Jamuhu da Abdullahi ɗan Amru, shahidan Uhudu, bayan shekara 46, aka canja musu wuri.

Sau da yawa dangin baƙo sukan nace a mai da gawa garinsu. Wannan ba haram ba ne. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Sa'idu ɗan Zaidu (R.A.) a Aƙiƙ suka rasu aka ɗauko su zuwa Madina. Marigayi shugaban ƙasa Tandja Mamadu a Yamai ya rasu a watan Nuwamba na 2020, aka kawo shi Maine-Sorowa aka rufe. Sharaɗin shi ne kada gawar ta canja, kada a keta alfarmarta, kada a jefa masu rai cikin haɗari. Wanda ba shi da jirgi, ba shi da ɗakin sanyi, ga zafin bazara, ga hanyar da ba a tabbatar da lafiyarta ba, ya sani sunna ita ce gaggautawa, kuma shahidan Uhudu da danginsu suka fara ɗauka zuwa gari an umarta a mai da su inda suka faɗi. Ƙasar Diffa ba ta fi ta Abadam nisa daga rahamar Allah ba. Makiyayanmu na daji sun fi mu fahimtar wannan, inda ajali ya riski mutum nan suke rufe shi, su yi addu'a, garke ya ci gaba.

Abu ɗaya da nake roƙon kowane masallaci ya ɗauka da muhimmanci shi ne rubutu. Lokacin da aka rufe Usmanu ɗan Maz'un (R.A.) a Baƙi'a, Annabi (S.A.W.) da kansa ya ɗauko dutse ya ajiye wajen kansa, domin ya riƙa gane kabarin. Alama halal ce, gini da ado ne aka hana. A sami littafi guda a hannun liman ko na'ibinsa, a rubuta sunan baƙon in an sani, da garin da ya fito, da ranar rasuwa, da shaidu biyu, da inda kabarin yake. In ba a san sunansa ba a rubuta kamanninsa, da tsagar fuskarsa, da tufafin da ke jikinsa, a adana abin da aka samu a aljihunsa. Gawar da aka tsinta a daji ko a ruwa kuwa, a sanar da jandarma ko ƴan sanda kafin a taɓa ta. Kada a raina wannan. A bayan kowane mamacin da ba a shaida ba akwai wata mace da ba ta san matsayinta ba, ba ta yi takaba ba, ba ta da ikon yin aure, ga ƴaƴa ba a raba musu gado ba. A mazhabarmu matar wanda ya ɓace takan kai ƙara wurin alƙali, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sa'an nan ta yi idda wata huɗu da kwana goma, kamar yadda Sayyadina Umar (R.A.) ya hukunta, kuma wa'adin yana canjawa gwargwadon yanayin ɓacewar, wadda ba a bar mata abin ci ba tana da ikon neman rabuwa tun kafin nan. Layi biyu a littafin masallaci, da shaidar adilai biyu, suna iya sauke mata waɗannan shekaru gaba ɗaya. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta yi shekaru tana aikin haɗa iyalan da suka rabu a wannan jiha.

Idan kuma baƙon ba Musulmi ba ne, domin a cikinmu akwai Kiristoci ma'aikata da ƴan kasuwa da sojoji, sai a nemi mutanen addininsa a miƙa musu. Ba ma yi masa wanka irin namu, ba ma sallatarsa, amma in babu kowa nasa ba a barinsa a fili, wajibi ne a rufe shi. Annabi (S.A.W.) ya umarci Sayyadina Ali (R.A.) ya je ya rufe mahaifinsa Abu Ɗalib. Wata rana kuma aka wuce da gawa ya miƙe tsaye, aka ce masa ai Bayahude ne, ya nuna musu cewa shi ma rai ne. Malamanmu suna ganin an shafe hukuncin miƙewar, amma dalilin da ya bayar yana nan. Yi wa maƙwabci Kirista gaisuwar rashi da kalma mai daɗi yana cikin haƙƙin maƙwabtaka.

Ta'aziyya kuwa kwana uku ce, sai ga wanda ba ya gari. Ka shiga, ka yi addu'a, ka ba da haƙuri, ka tashi, kada ka zauna jiran akushi. Wanda ya yi rashi a baƙunci ya fi kowa bukatar gaisuwar nan, domin shi ba wanda zai shimfiɗa masa tabarma. Hausawa suna cewa zumunta a ƙafa take, kuma daga tsakiyar gari zuwa bukkokin nan ba tafiyar yini ba ce. Matanmu su je wa mai takaba da ƙwaryar hatsi da sabulu, su kuma gaya mata abin da ke kanta da abin da ba ya kanta: ta zauna inda take wata huɗu da kwana goma, mai ciki har ta haihu, ta bar ado da turare da kwalli da lalle. Amma tana wanka duk ranar da ta so, tana wanke kanta, tana magana da mutane, tana fita da rana neman ruwa da itace da abincin ƴaƴanta, tana zuwa asibiti, tana shiga layin rabon abinci. Riƙe wuƙa ko sanda, da sauran abubuwan da ake ɗora mata, ba su da asali a littafi.

Abin da ake bukata a kowane masallacin Juma'a da na unguwa bai taka kara ya karya ba: makara mai ƙwari, bandir ɗin alawayyo a ajiye, diga da shebur, kafur da safar hannu, maza uku da mata uku da aka koya wa wanka aka kuma san gidajensu, da littafin nan na rubutu. Wanda ya yi niyyar yi wa mahaifinsa sadakar arba'in, ya kawo rabin kuɗin a sayi waɗannan da sunan mahaifin nasa, ladan zai riƙa isa gare shi duk ranar da aka ɗauki makarar. Wanda yake son koyon wanka ya sami limamin unguwarsa bayan sallar la'asar, mata kuma su sami malamar islamiyyarsu.

Allah ya jiƙan mamatanmu, na gida da baƙi, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda shi kaɗai ya sani. Ya bayyana waɗanda suka ɓace, ya mai da kowa garinsa lafiya, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.